Agogon da Ke Komawa Baya: Kwana Goma a Landan da Manchester

Abin da na faɗa wa mutanen gida shi ne zan je bikin yaye ɗan ƙanwata daga jami'a a Manchester, kuma ban yi ƙarya ba. Mahaifinsa ya rasu tun yana firamare, uwarsa kuwa ciwon gwiwa ya hana ta hawa bene balle jirgi, sai aka ce kawunsa ya je ya tsaya a hoto. Dalili na biyu ne na ɓoye, don na san dariya za a yi mini: ina so in ga wani shago, da kaburburan wasu Turawa biyu da muke sana'a ɗaya da su.

Kusan shekara talatin ke nan da waƙa nake cin tuwo, amma ban taɓa rera ko baiti ɗaya ba, ban iya kaɗa ko kuntigi ba. Da kwafar kaset na fara a wajen Bata, yau ina da ɗan situdiyo a Zoo Road da yara mawaƙa da nake riƙe wa harka. Wasu su ce mini manaja, wasu furodusa. Wani yaro da muka ɓata da shi bara ya ce mini dillali. Kiɗan da ake kira punk kuwa tun ina sakandare na fara jin sa, a wani kaset da wani Bature malamin sa-kai ya bar mini da zai koma gida. Da na saka, na ɗauka rakodar ce ta lalace. Na canza batir, na goge ta da auduga, na sake sakawa. Ihun nan dai, da gita kamar ana jan langa-langa a kan kwalta. Har yau ba zan ce ina jin daɗinsa ba. Labarin mutanen da suka tsaya a bayan mawaƙan ne ya kama ni daga baya.

Na bar Kano ranar wata Lahadi a watan Yulin 2024, bayan asuba. Kafin mu kai Kaduna na gaji da ƙirga shingayen bincike; ko'ina a sauke gilashi, a gaisa, a leƙa but, a wuce. A Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Idu, na kwana Abuja. Da daddare yaron ya kira: "Kawu, don Allah in Umma ta ba ka kilishi kada ka taho da shi. Ba a shiga da nama, karɓewa za su yi." Ƙunshi guda ne kuwa, mai nauyi. Haka na zauna a filin jirgi washegari ina rabon kilishi ga masu shara da masu tura kaya kamar mai sadakar bakwai. Yaji da kuka da daddawa dai sun tsallake.

Awa shida da 'yan kai muka yi a sama. A Heathrow layi ya ci fiye da awa guda. Jami'ar shige da fice ta tambaye ni dalilin zuwa, masauki, ranar komawa, sannan sana'a. Na ce harkar waƙa nake yi. Ta ɗago kai: "Wasa za ka yi a nan?" Na ce ko a garinmu ba a taɓa miƙa mini makirfo ba. Ta yi murmushi ta buga hatimi.

Wani tsohon abokin karatuna ne ya sauke ni a Peckham, ya ba ni ɗakin ɗansa, abin da ya cece ni daga kuɗin otal. A babban titin unguwar ga doya, ga manja, ga bandar kifi, Yarbanci na tashi ta ko'ina. Ba don sanyin iska ba sai in ce Sabon Gari nake. Fam ɗaya a lokacin tana neman naira dubu biyu. Shayin kofin takarda fam 3, na ce wato naira dubu shida ke nan, ba ko burodi. Ɗan ƙanwata, wanda ya sauko daga Manchester ya yi mini jagora, ya ce, "Kawu, in ba ka daina wannan lissafin ba ko ruwa ba za ka sha ba." Bas a lokacin fam 1.75 ce, kuma ba a karɓar tsabar kuɗi, kati ake dangwalawa. Abin da ya fi wahalar da ni lokacin salla ne. Magariba sai bayan tara na dare, isha wajen sha ɗaya, asuba kuma wajen uku. Kwana ukun farko a bas nake rama barci.

Ranar Laraba muka nufi King's Road. Daga tashar Sloane Square muka hau bas mai lamba 22, muka bi titi mai tsawo da shagunan gilashi waɗanda ko farashi ba sa liƙawa a waje. Na yi ta baza ido ko zan ga mai gashi a tsaye kamar zankon zakara, ban ga ko ɗaya ba, sai mata masu jan ƙananan karnuka. A inda titin ya karya kwana yaron ya ce mu sauka. Lamba 430. Shagon bai kai falon gidana ba. A goshinsa akwai wani ƙaton agogo mai awa goma sha uku, hannuwansa suna gudu da baya. Da na sa ƙafa ciki na ji kamar zan zame, ashe da gangan aka karkata daɓen.

A nan Malcolm McLaren da Vivienne Westwood suka fara sayar da tufafi a 1971. Suna canza wa shagon suna kamar yadda ake canza riga, har a 1974 suka manna masa manyan haruffa uku na roba ruwan hoda, kalmar da ba zan fassara ba. Zauna-gari-banzan yara suka mayar da wurin majalisa. Biyu daga cikinsu, Steve Jones da Paul Cook, suna da 'yar ƙungiyar kiɗa; na uku, Glen Matlock, yaron shagon ne na ranar Asabar. A 1975 aka kawo wani John Lydon, aka tsayar da shi gaban na'urar faifai ta shagon aka ce ya bi waƙa. Bai iya ba. Abin da McLaren ke nema ke nan. Haka aka haɗa ƙungiyar punk ta Sex Pistols, McLaren ne manajanta.

Abin da ya biyo baya, duk mai sana'ata ya kamata ya san shi. Kamfanin EMI ya ɗauke su a kan fam 40,000 a Oktoban 1976. Ranar 1 ga Disamba aka gayyace su wani shirin talabijin na yamma, mai gabatarwa Bill Grundy ya yi ta zuga su, suka yi ta ɗura ashar kai tsaye a lokacin da iyalai ke cin abinci. Washegari suna shafin farko na jaridu, garuruwa suka yi ta soke wasanninsu, a Janairun 1977 EMI ta sallame su, kuɗi kuwa ya zauna. A watan Maris kamfanin A&M ya ɗauke su, McLaren ya sa aka ɗauki hoton sa hannu a gaban fadar Buckingham; mako bai cika ba aka sake korar su, da fam 75,000. Kora biyu, biya biyu, ba a sayar da abin kirki ba tukuna. Virgin ce ta uku. Shekarar ce Sarauniya ke cika shekara 25 a kan gado, sai suka fitar da waƙa mai sunan taken ƙasar, amma cikinta cin mutunci ne. BBC ta ƙi saka ta, ta hau mataki na biyu a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa. Ranar 7 ga Yuni McLaren ya yi hayar jirgin ruwa suka bi kogin Thames suna kiɗa ta gaban majalisa, 'yan sanda suka tare su, aka kama shi, ya sake samun shafin farko kyauta. A Janairun 1978 ƙungiyar ta watse a San Francisco da kundi ɗaya tak. Shekara guda bayan nan Sid Vicious, wanda ya maye gurbin Matlock, ya mutu da ƙwaya yana da shekara 21. Sauran sai a 1986 suka ƙwato haƙƙinsu daga hannun McLaren a kotu, da kuɗi wajen fam miliyan ɗaya.

Ina tsaye a karkataccen daɓen nan na tuna da namu. Mu ma muna da zagi a waƙa, sai dai namu zambo ne da habaici. Makaɗin fada zai wanke ɗan sarkin da ke hamayya da ubangidansa tas, ya kwatanta tafiyarsa da naɗin rawaninsa, kowa ya gane, bai kama suna ba. Kuma yana da inuwar da yake fakewa. Waɗannan yaran sun fito suna cewa ba su da ubangida, ba sarki ba malami ba kamfani. Amma mai shagon tufafi ne ya sa musu suna, shi ya sa musu riga, shi ya riƙe jakar kuɗi. Makaɗin fada aƙalla ya san yana da ubangida, kuma ana ba shi doki da hatsi.

Na ɗaga wata riga mara hannu, an yi mata rubutu kamar da gawayi. Farashinta ya haura fam ɗari. Na ajiye ta a hankali kamar ƙwai. Yaron ya raɗa mini, "Kawu, ka saya wa Umma." Ita Westwood, wadda ta sayar da riguna masu hoton Sarauniya da fil soke a leɓe, fadar ce ta ba ta babbar lambar girma a 2006, kuma ta rasu a Disambar 2022 a matsayin ɗaya daga cikin manyan masu zanen sutura na ƙasar. A 2015 wani banki ya fitar da katin bashi da zanen Sex Pistols a jiki. A 2016, da punk ya cika shekara 40, har babban ɗakin karatu na Birtaniya ya yi baje kolin punk. Wannan ya fusata ɗan McLaren da Westwood, Joe Corré, ya loda kayan tarihin punk da ke hannunsa, waɗanda ya ce sun kai fam miliyan 5, a kan kwale-kwale a Thames ya cinna musu wuta gaban 'yan jarida. Ya ce an mayar da tawaye kayan yawon buɗe ido. Gaskiya ya faɗa. Amma ya zaɓi rana, ya kira kyamara, ya zaɓi kogin da aka kama ubansa. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe.

Da yamma muka leƙa Denmark Street, ɗan gajeren layi na masu sayar da gita. A bayan gida mai lamba 6 akwai ɗakin da Sex Pistols suka yi gwaji da kwana. Ba mu samu shiga ba. Lydon ya yi zane-zane a bangon ɗakin, kuma a 2016 gwamnati ta saka ginin cikin waɗanda doka ta hana rushewa. Cikin zanen akwai McLaren, ya damƙe damin kuɗi a hannu. Na daɗe ina kallon ƙofar. Yaran situdiyona ma suna rubuce-rubuce a bayan ƙofar ɗakin murya, ban taɓa tsayawa na karanta ba.

Washegari muka je Talbot Road, shagon faifai na Rough Trade, ƙarami, bango duk tsofaffin fastoci. Ina jujjuya faya-fayai sai wani dattijo baƙi mai furfura a gemu ya dubi hulata ya ce, "Najeriya?" Iyayensa daga Jamaika suka zo, a unguwar ya tashi. Da ya ji abin da ya kawo ni sai ya yi dariya har da tari. Ya ce shi ma da farko ya ɗauka haukan yaran Turawa ne. Abin da ya haɗa su, in ji shi, shi ne a gidan rawa na Roxy faya-fayan punk ba su da yawan da za su cika dare, sai mai saka faifai, Don Letts, ya riƙa cike giɓin da rege, yaran suka kamu. A lokacin kuma masu ƙin baƙi na National Front suna maci a tituna, 'yan sanda na tare samari baƙaƙe a kowace kwana. Ya ce yana cikin dubban da suka taka zuwa Victoria Park a Afrilun 1978, inda The Clash da Steel Pulse suka hau dandamali ɗaya don adawa da wariyar launin fata. "Ranar ce na fara ganin Turawa da yawa haka a ɓangarenmu," in ji shi. Sannan ya nuna kantar shagon da haɓa, ya ce mai kafa wurin, Geoff Travis, da ya fara buga faifai rabi da rabi yake raba riba da mawaƙa, kuma ba ya ɗaure kowa da kwantiragin shekaru. Na ce ashe akwai na kirki a cikinmu. Ya ce, "A cikinku? Kai ma manaja ne?" Ya ja da baya kaɗan yana dariya, ya dafe aljihunsa.

A Golborne Road, inda 'yan Maroko suke da rumfuna, muka ci gasasshen kifi da burodi, na zaro yajina daga aljihu. Shi ne abinci na farko da ya zauna mini tun zuwana.

Maƙabartar Highgate tana kan tudu. Daga tashar Archway hawa ne mai cire numfashi, sau biyu ina tsayawa kamar mai duba waya. A ƙofa aka ce fam 10 kowane mutum. Na dubi yaron. Ya ce, "Haka ne, Kawu, da shi suke gyaran wurin." A raina na ce yau na ga inda mai rai ke biya ya shiga maƙabarta. Ciki kamar kurmi, itatuwa sun rufe sama, duwatsu sun karkace. Yawancin masu ziyara wajen ƙaton kan Karl Marx suke tafiya. Kabarin McLaren baƙin dutse ne, da siffar fuskarsa ta tagulla a jiki, ido a rufe. Ya rasu a Afrilun 2010 yana da shekara 64. An rubuta wata magana a dutsen wadda ma'anarta ita ce gara faɗuwar da za a daɗe ana labari da nasarar da ba ta da armashi. Ko a kabari talla yake yi.

A nan ne wani abu da na daɗe da sani ya taso mini. Bayan punk, McLaren ya fitar da kundi da sunansa a 1983, Duck Rock. Shi ya fara kai wa Turawan Ingila da yawa salon hip-hop na New York, wannan ba a ƙwace masa. Amma kaso mai yawa na kiɗan daga Afirka ta Kudu ya kwaso shi, a zamanin wariya, kuma ba a rubuta sunayen makaɗan da suka yi aikin ba. Sai da aka kai ƙara a kan wata waƙa kafin a sasanta. Kafin nan ma gangunan Burundi ya ɗora wa wata ƙungiyar da ya haɗa. Mutumin yana da kunne, yana da ido, ya san abin da zai tashi gari shekara biyu kafin gari ya sani. Hannunsa ne ba ya sakin abin da ya kama. Yaron ya ce, "Kawu, wai wannan ziyara ce ko me?" Na ce mu tafi, ƙafata ta gaji.

Jirgin ƙasa daga Euston awa biyu da 'yan mintoci ne, amma kuɗinsa ya sa muka bi doguwar bas daga Victoria, awa biyar, ba shinge ko ɗaya, ba mai tallan gyaɗa ko ɗaya. Manchester ta tarbe mu da yayyafi, kuma bai ɗauke ba sai da na bar ta. Yaron yana haya da wasu ɗalibai uku a kusa da Rusholme. Ya ba ni gadonsa ya kwanta a ƙasa. Wilmslow Road cike take da gidajen abincin 'yan Pakistan da Larabawa, ko'ina halal, a nan na huta da tambaya. Ranar bikin na saka babbar riga da zanna bukar, Turawa suka yi ta neman hoto da ni kamar ni na gama karatun. Da aka kira sunansa, muryar mahaifinsa ce ta faɗo mini, na sunkuyar da kai. Shari'a ya karanta.

Kwana biyun da suka rage na ba wa Tony Wilson, Bature na biyu da na zo ganin kabarinsa. Muka fara da Peter Street. Free Trade Hall yanzu otal ne, fuskar tsohon ginin kawai aka bari. A wani ƙaramin zaure na samansa, ranar 4 ga Yunin 1976, Sex Pistols suka yi wasa gaban mutum wajen arba'in, tikiti fani 50. Wasu ɗalibai biyu ne suka gayyato su, Howard Devoto da Pete Shelley. Daga cikin 'yan kallon nan aka samu waɗanda suka kafa ƙungiyoyin kiɗa na Joy Division da The Smiths. Ɗaya daga cikinsu, Peter Hook, washegari ya karɓi kuɗi wajen mahaifiyarsa ya sayi gita, bai taɓa kaɗawa ba. Ba ƙwarewa suka gani ta burge su ba. Gani suka yi waɗanda ke kan dandamali ba su fi su komai ba. Yau dubban mutane a garin suna rantsuwa suna zauren a daren, kamar yadda kowane dattijo a Kano zai ce maka yana wurin ranar da Shata ya yi wasa kaza.

Ɗaliban nan biyu su suka kafa Buzzcocks, kuma abin da suka yi a Janairun 1977 ya fi duk ashar ɗin talabijin tasiri a ganina. Suka ranto wajen fam 500 a hannun 'yan uwa da abokai, suka naɗi waƙa huɗu, suka buga faifansu da kansu, suka sayar da dubbai ba tare da wani kamfani ba. Bayansu ƙananan kamfanoni suka tsiro a ƙasar kamar ciyawar damina. Na ce wa yaron wannan ai na san shi. Haka muka fara, da rakoda biyu da katon ɗin kaset. Haka yaran yanzu suke yi da kwamfuta ɗaya da makirfo a ɗakin soro, su kai wa 'yan dawunlodin, kafin Juma'a waƙa ta kai Maraɗi. Ba su taɓa jin sunan Buzzcocks ba, kuma ba daga gare su suka koya ba, talauci ne malaminsu duka.

Wilson ɗan jaridar talabijin ne a Granada, ya yi karatu a Cambridge, shi ya fara nuna Sex Pistols a talabijin. A 1978 shi da abokinsa Alan Erasmus suka kafa kamfanin faifai na Factory. Yarjejeniyar da ya yi da Joy Division da jininsa ya sa mata hannu, kuma abin da ta ƙunsa shi ne komai na mawaƙa ne, kamfani ba shi da komai. Riba rabi da rabi. Kowane abu a kamfanin lamba yake da ita: fastar farko FAC 1, gidan rawarsu Haçienda FAC 51, ƙarar da wani furodusansu ya kai su kotu FAC 61, har kyanwar gidan rawar an ba ta lamba. Bayan mawaƙin Joy Division, Ian Curtis, ya kashe kansa a 1980, sauran suka zama New Order, a 1983 suka yi Blue Monday, faifan da ya yi kasuwar da ba a taɓa gani ba a irinsa. Ana cewa kwalin da aka zana masa ya yi tsadar da da farko kowane kwafi asara ake yi. Ɗan kasuwar Kwari zai ce wannan ba kasuwanci ba ne, shaye-shaye ne.

Muka gangara Whitworth Street West. Haçienda ta buɗe a 1982, ta zama cibiyar sabon kiɗan rawa na ƙasar, amma masu cika ta ƙwaya suke haɗiya su sha ruwa, ba sa sayen abin da gidan ke cin riba da shi, daga baya 'yan daba masu bindiga suka kama ƙofa. Kuɗin New Order ne ya yi ta zurarewa a ciki, kuma su kansu sun daɗe suna ƙorafi a kan haka, don haka kada a ɗauka Wilson waliyyi ne: ya bar musu waƙoƙinsu, ya kuma jefa kuɗinsu a rijiya. A 1992 bashi ya ci Factory. Wani babban kamfani ya zo saye, da lauyoyinsa suka ga takardar jinin nan suka gane babu abin saye, suka janye. Gidan rawar ya rufe a 1997, aka rushe. Yanzu benen gidajen haya ne masu tsada, da sunan Haçienda a jiki. Na tsaya ƙarƙashin lema ina kallon wata mata tana shigar da keken jariri.

Da ciwon daji ya kama Wilson, abokansa ne suka haɗa kuɗin maganin. Ya rasu a Agustan 2007 yana da shekara 57, akwatin gawarsa FAC 501. Kabarinsa na Southern Cemetery, ba a biyan ko fani. Baƙin dutse ne mai sheƙi, ruwa na gangarowa a kai, har kana ganin fuskarka a ciki.

A bas ɗin komawa yaron ya yi shiru, can ya ce, "Kawu, in tambaye ka, ba raini ba?" Na ce ina ji. "Yaron nan naka da ya tafi, Umma ta ba ni labari. Akwai takarda tsakaninku?"

Babu. A gidan biki na tsince shi yana bin waƙar wasu. Na ciyar da shi, na ɗinka masa kaya, na naɗa masa waƙa shida ban karɓi ko kwabo ba, na ɗora su a shafina na YouTube. Ɗaya ta tashi. Da ya zo ya ce yana son sanin abin da ke shigowa, na ce masa wa ya san ka kafin ni? Ya ce na zama dillali, ya fita. Duk wannan na faɗa wa ɗan ƙanwata, ina jiran ya ce yaran zamani ba su da godiya. Sai ya ce, "To a wajen doka, Kawu, kai ma ba ka san abin da ka mallaka ba, shi ma bai sani ba." A daren ya zauna a ƙasa da kwamfutarsa ya rubuta mini shafi ɗaya da Turanci, muka mayar da shi Hausa tare: wa ke da waƙa, wa ke da naɗi, kashi nawa, shekara nawa, da yadda kowa zai iya fita. Muka yi gardama a kan kason har ƙarfe ɗaya. Ni na ce saba'in da talatin, don ni ke biyan haya da man janareta. Shi ya ce rabi da rabi. Muka tsaya a sittin da arba'in, bayan an cire kuɗin aiki.

Komawa ba ta da labari, sai fam ɗin da na biya na kayan da suka haura nauyi, yawanci takalman yara da man zafin ƙanwata. Na iso Kano ana ruwa, ƙasa na ƙamshi.

Sai da na yi mako uku kafin na aika a kira yaron nan da muka ɓata. Ya zo ranar Litinin, ya tsaya a bakin ƙofa bai zauna ba. Na miƙa masa takardar na ce in yana so mu ci gaba, ga yadda za a yi. Ya karanta sau biyu, yana bin layi da yatsa. Ya ninke ta ya sa a aljihu. Ya ce, "Maigida, na gode. To tsofaffin guda shida fa?"

Na ce ya dawo ranar Asabar. Yau Alhamis.